Ni Taimako Kawai Na Yi

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ajin makarantar boko a ƙasar nan ya taɓa cin karo da wannan darasi, ko da kuwa yanzu ya shafe masa. Malamin Turanci ya shigo, ya ɗauki alli ya raba allo gida biyu. A gefe ɗaya ya jera kalmomi irin su "eat" da "write" da "go", ya ce waɗannan su ne manyan aikatau. A ɗaya gefen ya jera "is" da "have" da "do" da "will" da "must", ya ce su kuwa waɗannan mataimaka ne, aikinsu su rufa wa manyan baya. Muka kwafe, muka haddace saboda jarrabawa, aka wuce wurin. Ni kaina ban sake waiwayar darasin ba sai bara, sa'ad da wani abin kunya ya same ni, wanda shi ne mafarin wannan rubutu.

Ina da wani aboki, garinmu ɗaya, ɗakin kwananmu ɗaya a makaranta. A zangon karatu na biyu ya sami wani ɗan aiki a cikin gari wanda yake rage masa zafi, amma aikin ya ci karo da wata lacca da muke yi da ƙarfe takwas na safiyar Talata. Malamin darasin yakan ba da takarda ta zaga aji, kowa ya rubuta sunansa ya sa hannu. Abokina ya ce, "Don Allah in takarda ta iso gare ka, ka sa mini." Na sa masa sau ɗaya, na sa masa sau biyu, har abin ya zame mini jiki. Ranar da dubunmu ta cika, Malam ya ƙirga sunaye, ya ƙirga kawuna, ya ga lissafi bai daidaita ba. Ya gwada rubutu da rubutu, kashegari ya aika a kira ni ofishinsa.

Na shiga na gaishe shi, bai ce in zauna ba. Ya turo mini takardar, ya tambaye ni da Turanci, "Did you sign for him?" Sai na koma Hausa, domin mutum in ya shiga uku harshen gida yake nema. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni taimako kawai na yi." Ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Amsa mini tambayata." Na sunkuyar da kai na ce, "I did."

An soke mana makin halarta mu biyu, abokina kuwa sai da ya maimaita darasin. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗannan kalmomi biyu da na furta. Babban aikatau na jimlar, watau "sign", wanda shi ne sunan laifin, bai ko leƙo cikin amsata ba. Mataimaki aka sa a gaba wajen tambaya, mataimaki kuma ya tsaya ya amsa. To, tambayar da nake so mu tattauna ke nan: shin mai taimako yana da rabo a cikin aikin da ya taimaka aka yi, rabon yabo ko na zargi, ko kuwa shi ɗan rakiya ne kawai?

Yadda Mataimaka Suke Haɗuwa da Babban Aikatau

Kafin a kai ga hukunci, ya kamata mu sake duba darasin da muka haddace ba tare da mun fahimta ba. Masana nahawun Turanci sukan kasa mataimakan aikatau gida biyu. Kashi na farko guda uku ne, "be" da "have" da "do", kuma kowannensu yana iya tsayawa shi kaɗai a matsayin babban aikatau. Kashi na biyu guda tara ne sanannu: "can, could, may, might, shall, should, will, would, must". Su ne masu nuna iyawa, da yiwuwa, da izini, da niyya, da wajibci. Mu dubi waɗannan jimloli:

1. Binta works.
2. Binta is working.
3. Binta has been working.
4. Binta might have been working.

A jimla ta farko babu mataimaki, saboda haka babban aikatau shi ne ya ɗauki ɗafa-ƙeyar nan "-s" mai nuna lokaci da kuma cewa aikau mutum ɗaya ne. Amma da zarar mataimaki ya shigo, kamar a jimla ta biyu, sai ya karɓe wannan nauyi. Daga nan babban aikatau ba shi da sauran ta cewa game da lokaci. In ana so a mai da aikin Binta jiya, "is" za a taɓa ya koma "was", shi kuwa "working" yana nan yadda yake.

Abu na biyu, kowane mataimaki shi yake yanka wa na bayansa rigar da zai sa. A jimla ta huɗu, "might" ya tilasta wa "have" ya zo tsurarsa, ba ɗafi. "Have" kuma ya tilasta wa "be" ya zama "been". Shi kuma "be" ya ɗaura wa "work" ɗafa-ƙeyar "-ing". Jerin ba ya sauyawa, ba a sa na uku a gurbin na farko. Noam Chomsky ya bayyana wannan tsari a littafinsa Syntactic Structures na 1957, inda ya nuna cewa kowane mataimaki yana zuwa ne da ɗafinsa, sa'an nan ɗafin ya tsallaka ya manne wa kalmar da ke biye. Watau dai jimlar Turanci sarƙa ce, kowace gaɓa tana riƙe da ta gabanta, kuma babban aikatau shi ne na ƙarshen layi, umarni yake karɓa.

Abu na uku shi ne ya fi jan hankalina. F. R. Palmer, a nazarinsa na aikatau na Turanci wanda aka buga a 1965, ya fito da ayyuka huɗu da mataimaki yake yi waɗanda aikatau irin su "work" da "write" ba sa iyawa. Na ɗaya, korewa: kalmar "not" jikin mataimaki take raɓa, a ce "Binta will not work". Na biyu, tambaya: mataimaki ne yake barin wurinsa ya fito gaban aikau, a ce "Will Binta work?" Na uku, wakilci: idan aka ba da gajeriyar amsa, babban aikatau yakan ɓace, mataimaki ya tsaya a madadinsa, a ce "Yes, she will." Na huɗu, jaddadawa: idan ana musu, a kan mataimaki ake danna murya.

Har ma in jimla ba ta da mataimaki, aka zo kore ta ko mai da ita tambaya, dole sai an je an ɗauko wani. Shi ya sa jimlarmu ta farko take komawa "Binta does not work" ko "Does Binta work?" Wannan "do" ba ya ƙara wa jimlar wata ma'ana, an kira shi ne kurum don ya ɗauki lokaci, ya ɗauki korewa, ya amsa tambaya. Ba haka Turanci yake ba tun asali. A zamanin Shakespeare ana iya kore aikatau kai tsaye ba tare da "do" ba. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Alvar Ellegård, ya bi diddigin abin a 1953, ya nuna yadda "do" ya yi ta yaɗuwa a ƙarni na 16 har ya zama doka daga baya.

Mu ɗaliban Hausa bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Idan muka ce "ya rubuta", "zai rubuta", "yakan rubuta", aikatau ɗin bai motsa ba, 'yan ƙananan kalmomin da ke gabansa, watau wakilin suna da lamirin lokaci, su suke gaya mana ko an yi, ko za a yi, ko an saba yi. Idan kuma muka kore muka ce "bai rubuta ba", "ba" ta farko jikinsu ta manne. Muna kuma da su "fara" da "dinga" da "taɓa" da "kasa" da "daina", waɗanda in sun shigo sai aikin da ke bayansu ya sa rigar suna: ya fara karatu, ya daina zuwa.

Abin da za a tsinta a nan shi ne, babban aikatau sunan aikin kawai yake faɗa. Ko an yi aikin, ko ba a yi ba, ko za a yi, ko ya wajaba a yi, ko ya halatta a yi, duk wannan a hannun wanda muka raɗa wa suna mataimaki yake.

Su Ma Da Can Manya Ne

Tarihin waɗannan kalmomi ya ƙara mini wani haske. A tsohon Turanci, kusan shekara dubu da ta wuce, yawancinsu cikakkun aikatau ne masu ma'anar kansu. "Will" yana nufin so. "Can" yana nufin sani. "May" yana nufin samun ƙarfi ko iko, shi ya sa har yanzu "might" take da ma'anar ƙarfi idan ta zo a suna. "Shall" kuwa ma'anarsa a bi mutum bashi, kuma danginsa ne kalmar Jamusanci "Schuld", wadda take nufin bashi, take kuma nufin laifi. Haka "ought" asalinsa shuɗaɗɗen lokaci ne na "owe", shi ma dai bashi. Ashe duk sa'ad da Bature ya ce abu ya kamata, tsohuwar maganar bashi ce yake yi ba tare da ya sani ba.

Yau da gobe, saboda yawan tsayawa a gaban wasu, sai ma'anarsu ta yi ta zaizayewa, jikinsu ma ya zaizaye. "I will" ya koma "I'll", "I have" ya koma "I've". Muna da irin wannan a Hausa. "Za" da muke nuna lokaci mai zuwa da ita tana da ma'anar tafiya, ga ta nan a raye cikin "ina za ka?" da "za ni kasuwa", amma a cikin "zan zauna" babu sauran tafiya a jikinta.

Sai dai akwai wuri ɗaya da Turanci bai yarda mataimaki ya ƙanƙance ba, shi ne wajen amsa tambaya. Ana cewa "Yes, I will", ba a cewa "Yes, I'll". Duk yadda ya saba laɓewa a jikin wakilin suna, ranar da aka tsare shi da tambaya dole ya miƙe da cikakkiyar surarsa. Abin da ya same ni ke nan a ofishin Malam.

Rabon Yabo

Yanzu mu bar allo mu shiga cikin jama'a. Na lura muna yi wa mai taimako hukunci iri biyu masu karo da juna. Idan aiki ya yi kyau, sai mu mance da shi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Idan aiki ya ɓaci, shi kuma sai ya nemi a mance da shi. Duka biyun tushensu ɗaya, watau ɗaukar cewa aiki na mai suna ne shi kaɗai.

Misalin na farko yana cikin tarihin fannin da muke karantawa. Kowane ɗalibin Hausa ya san sunan J. F. Schön, wanda ya wallafa nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Amma da bakin wa aka yi wannan Hausar? Kaso mai yawa nata daga bakin Dorugu ta fito, wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bauta aka kai Barno, Adolf Overweg ya 'yanta shi, ya yi wa Heinrich Barth hidima a tafiye-tafiyensa, ya bi shi Turai a 1855. A Ingila ya zauna da Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuma yana rubutawa. Schön bai ɓoye sunan yaron ba, yana nan cikin littafin. Amma a bango, da cikin jarrabawarmu, sunan Schön ne. Dorugu ya rasu a Kano a 1912, kuma a 1971 A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka fito da labarinsa cikin Turanci a matsayin tarihin rayuwar da mai shi ya bayar da bakinsa. To, a tsakanin mai alƙalami da mai harshe, wane ne babban aikatau, wane ne mataimaki?

Ba sai na je Ingila ba ma. Yayana tela ne a bakin kasuwar garinmu. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya ajiye karatu ya hau keke don mu na baya mu ci gaba. Ranar da sunana ya fito a jerin waɗanda jami'a ta ɗauka, 'yan unguwa ni suka yi ta yi wa barka, shi kuwa yana gefe yana lissafin kuɗin rajista. Gaskiya ne ni nake karatun. Amma ko karatun zai yiwu bana, ko sai baɗi, ko ba zai yiwu ba sam, wannan a ƙarƙashin ƙafarsa yake, a kan fedar keken ɗinki. Kowane ɗayanmu a wannan jami'a in ya waiwaya zai ga irin wannan mutum a bayansa, ko uwa mai sayar da ƙosai, ko kawu, ko miji, ko mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in an gama ɗora ta, mai ɗaki kaɗai ake taya murna.

Rabon Zargi

In mun yarda mai taimako yana da rabo a cikin alheri, to ba mu da hanyar hana shi rabo a cikin sharri. Ba zai yiwu in ce Yayana yana da hannu a digirina, sa'an nan in ce ni ba ni da hannu a ƙaryar abokina ba. Hausawa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka ce da ɗan gari akan ci gari, suka kuma ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Wani zai ce sa hannu a takardar aji ƙaramin abu ne. Haka ne, amma halin da ya sa na yi shi ba ƙarami ba ne, kuma an taɓa auna shi. A 1961 Stanley Milgram, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Yale ta Amurka, ya fara wani gwaji. Akan kawo mutum a ce masa shi ne malami, ya riƙa yi wa wani ɗalibi tambayoyi, duk sa'ad da ɗalibin ya yi kure ya danna maɓalli lantarki ya ja shi, ana ƙara ƙarfin wutar har zuwa bolt 450. Ɗalibin ɗan wasa ne, babu wutar da take taɓa shi, amma mai dannawa bai sani ba. Cikin mutum 40, mutum 26 suka bi umarni har ƙarshe. Daga baya Milgram ya sauya tsarin, ya sa wani dabam yake danna maɓallin, shi kuwa wanda ake gwadawa aka ba shi 'yan ƙananan ayyuka na taimako kawai. A nan mutum 37 cikin 40 suka zauna har aka gama. A wani tsarin kuma, ya haɗa wanda ake gwadawa da abokan aiki biyu waɗanda aka shirya da su cewa in an yi nisa su ce sun ƙi. A nan mutum 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. An soki wannan gwaji ƙwarai saboda halin da ya jefa mutane a ciki, amma sakamakonsa, wanda Milgram ya tattara a littafinsa na 1974, abin tsayawa a duba ne.

Abu biyu ya nuna. Na farko, mutum ya fi saurin shiga ɓarna idan ya ɗauki kansa mataimaki, domin sunan yana kwantar masa da hankali. Na biyu, idan mataimaka suka ce a'a, aikin yakan tsaya. Mai karatu ya tuna inda Turanci ya ajiye kalmar "not". Wanda ya ƙudura aiki ya riga ya ƙudura, da wuya korewa ta fito daga gare shi. Akawun da aka ce ya sauya adadi, da direban da aka ce ya kwashi kayan da dare, da ɗalibin da aka ce ya sa hannu, a wurinsu "a'a" take zaune. Mai gida ba ya iya cika takarda goma, ya buga hatimi goma, ya tuƙa mota goma shi kaɗai.

Akwai kuma wani aikin da mataimaki yake yi a jimla wanda ya kamata mu ji tsoronsa, shi ne rufa wa mai laifi asiri. Da taimakon "be" ne Turanci yake juya jimla, karɓau ya dawo gaba, aikau ya ɓace. Maimakon a ce wane ya ɓatar da kuɗi, sai a ce "the money was lost". Mu ma muna da namu: an yi kuskure, an samu matsala, kuɗi sun salwanta. Duk wanda ya taɓa karanta rahoton kwamiti ya san wannan harshe. Ni ma da na fara ba Yayana labari, cewa na yi, "An sami 'yar matsala a makaranta."

Inda Za A Iya Ja da Ni

Na san malamaina na falsafa ba za su bar ni in wuce haka ba, kuma suna da hujja. Ta farko, nahawu ba shari'a ba ne. Don Turanci ya manna "not" a jikin mataimaki, wannan bai wajabta wa kowa kome ba, hasali ma mun ga cewa a da ba haka harshen yake yi ba. David Hume ya yi kashedi tun 1740 cewa marubuta sukan zame daga faɗin yadda abu yake zuwa faɗin yadda ya kamata ya zama, ba tare da sun nuna gadar da suka bi ba. Na karɓi wannan. Ban kawo nahawu don ya yanke hukunci ba, na kawo shi ne don ya zama madubi. Abin da ya nuna mini shi ne suna yana ruɗi. Mun ji an ce "mataimaki" sai muka zaci ƙaramin aiki yake yi, ba mu tsaya mun ƙirga abin da ke kansa ba. Hujjar alhaki kuwa daga hankali take: duk wanda aiki ba zai yiwu ba sai da shi, kuma ya san abin da ake yi, kuma yana da ikon janye hannunsa, to yana cikin masu aikin.

Ta biyu, ai mataimaki shi kaɗai ba ya cika magana. In mutum ya shigo ɗaki ya ce "I must" ya yi shiru, sai a ce masa, dole ka yi me? Malaman nahawun Larabci ma sun kira "kana" da 'yan'uwanta naƙisai, domin ba sa wadatuwa sai an kawo musu abin da zai cika su. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ban ce rabon mai taimako daidai yake da na mai ƙudura aiki ba. Abokina shi ya ƙirƙiro dabarar, shi ya ci moriyarta, hukuncinsa kuma ya fi nawa nauyi, kuma hakan adalci ne. Abin da na ƙi shi ne a ce rabon mai taimako sifiri ne.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi. Sau da yawa mai taimako ba shi da zaɓi. Masinjan da yake ciyar da mutum tara da albashinsa, in ya ce wa mai gidansa a'a, gobe wa zai ciyar da su? Akwai ƙa'idar da ake dangantawa da Immanuel Kant, cewa ba a ɗora wa mutum wajibci sai a kan abin da yake iyawa, watau "must" ba ya tsayawa sai in "can" yana nan. Saboda haka alhakin mai taimako yana hawa yana sauka gwargwadon ikonsa na ƙi. Amma fa mu yi wa kanmu gaskiya a nan. Sau nawa muke cewa "ba zan iya ba" alhali abin da ke zuciyarmu shi ne "ba na so"? Ni ba wanda ya tsare ni da bindiga, ba abincin da zan rasa. Abin da na ji tsoro kawai shi ne abokina ya ɓata rai, a ce ba ni da kara. Kunya ce ta sa na yi abin kunya.

Kammalawa

Yawancinmu da ke wannan jami'a ba za mu zama gwamnoni ko shugabannin ma'aikatu ba. Za mu zama malaman makaranta, da akawuna, da masu fassara, da sakatarori, da mataimakan wane da wane. Watau a gefen hagu na allo za a rubuta mu. Shekaru za su yi ta zaizayar mu kamar yadda suka zaizaye "will" da "shall", har mu saba da laɓewa a jikin sunan wani. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai mu riƙe abu biyu. In muka ga alheri ya tabbata, mu nemi wanda ya ɗauki nauyinsa a ɓoye mu gode masa tun yana da rai. In kuma aka miƙo mana takarda aka ce mu sa hannu, mu tuna akwai ranar da za a fito da mu gaban jimla a tambaye mu, kuma ran nan mai babban suna ba lalle ne yana wurin ba.

Da na je hutu na zauna a shagon Yayana na warware masa zancen duka, har da cewa ni taimako kawai na yi. Bai ɗaga kai daga ɗinkin da yake yi ba. Ya ce, "Kai da kake jami'a ka fi ni sani. Amma ni in mutum ya kawo mini yadi na san na sata ne, ya ce in yanka, to yadin nasa ne, almakashin nawa ne." Ya gyara zare ya ci gaba da taka keke. Ni kuwa na ɗauki tsintsiya na share masa ƙyallayen da suka zuba a ƙasa, don ban sami abin da zan ce ba.

Allah ya sa mu zama mataimaka a kan alheri, ya ba mu ƙarfin halin cewa a'a a inda ta dace.